Wata goma sha uku kafin a aike ni

Matasa uku ne suka same ni a shago bayan Kirsimeti, kowannensu da tambaya iri ɗaya: in mutum ya ji a ransa yana so ya taimaka da aikin bishara a ƙauye, daga ina zai fara? Ni lokacin da na fara ban sami wanda ya zaunar da ni ya jero mini matakan ba. Haka na yi ta karo da su ɗaya bayan ɗaya, na kashe kuɗin da bai kamata in kashe ba, na kuma sa iyalina cikin zullumi saboda wata tafiya da ba dole ce ba. Ni tela ne a ƙasar Zuru, ɗan Katolika, da mata da 'ya'ya uku. Zan faɗi yadda ta kasance da ni a farish ɗinmu, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin kulawar Fada, limaminmu na Katolika. A wani wurin tsarin na iya ɗan bambanta, amma takardun da za a nema kusan duk ɗaya ne.

Abin ya faro ne ranar 22 ga Oktoba 2023, Lahadin Mishan, ranar da Paparoma Piyus na 11 ya keɓe tun 1926 domin addu'a da baiko saboda masu kai bishara. Fada bai yi dogon wa'azi ba a ranar. Ya ba mu labarin wata unguwa ce a bayan gari, inda wasu gidaje tara na 'yan'uwanmu suka sauka bayan 'yan bindiga sun tashe su daga wajen Danko-Wasagu. Ya ce wata tsohuwa ta rasu a can cikin damina, rafi ya cika, shi kuma yana wani ƙauyen, aka rufe ta ba wanda ya iya buɗe littafi ya karanta addu'ar jana'iza. Da ya faɗi haka sai coci ta yi tsit. Ni kuwa kakata ce ta faɗo mini a rai. Na koma gida ban iya cin abinci ba, na zauna gaban keken ɗinki ban ɗinka ko hannun riga ba. Sunana na baftisma Faransis, domin an yi mini baftisma ranar 3 ga Disamba, ranar idin Waliyyi Faransis Zaviya, majiɓincin masu aikin mishan. A lissafina na wannan daren, saura sati shida idin ya zo, don haka sai na ƙudura cewa ranar za a aike ni.

Washegari da la'asar na tafi gidan Baba Katikis, dattijon da ya koya mana katikisim, wato darasin addini, tun muna yara. Na same shi a gindin darbejiya yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Bai katse ni ba har na gama. Sannan ya ture kwaryar gefe ya ce, "Ɗana, na ji, kuma na ji daɗi. Amma abu uku zan tambaye ka. Kana karɓar jibi? Ina katin baftismarka? Uwar 'ya'yanka ta san da wannan magana?" Duk ukun ba ni da amsa mai kyau. Shekara tara ke nan ban karɓi jibin Ubangiji ba, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a Misa, babbar ibadarmu, domin aurenmu na gida ne, an biya sadaki, iyaye sun sa albarka, amma ba a ɗaura shi a coci ba. Kati kuwa rabona da ganinsa tun rasuwar mahaifina. Matata ma ban gaya mata ba. Baba ya ce, "To, kai za ka tsaya gaban mutane ka ce musu su gyara aurensu, naka kuma fa? Je ka fara da gida." Maganar ta yi mini zafi a lokacin, amma gaskiya ce, kuma da murya mai taushi ya faɗe ta.

Mataki na biyu shi ne wasiƙar kwamitin cocinmu. Fada ba ya karɓar mutum a wannan aiki sai jama'arsa sun shaide shi. Na kai wa shugaban coci takardar neman izini da na rubuta da hannuna, ya ce sai kwamiti ya zauna, kuma sau ɗaya suke zama a wata. Na jira sati biyu. Da suka zauna, ma'aji ya buɗe littafi, aka ga ana bina kuɗin shekara na shekara biyu, Naira 4,000. Na biya a nan take. Shugabar Zumuntar Mata ta yi mini tambayoyin da ban zata ba: ko ina sha, ko na taɓa ɗaga wa matata hannu, ko akwai mai bina bashin ɗinki da na cinye kuɗinsa. Na amsa gaba gaɗi, suka sa hannu, sakatare ya buga hatimi.

Da wasiƙar na nufi ofishin farish. Kuskurena na farko shi ne na tafi ranar Litinin, wadda ranar hutun Fada ce. Ranakun ganin jama'a Talata ne da Alhamis. Na koma Talata da ƙarfe tara, na tarar da mutum goma sha ɗaya a kan benci, wasu tun daga fitowa Misa ta asuba suke nan. Sai wajen ɗaya na rana na shiga. Fada ya karanta wasiƙar, ya saurare ni, na ce masa ina so a aike ni ranar 3 ga Disamba. Ya jawo kalanda ya nuna mini cewa a 2023 ranar ta faɗo a Lahadin farko ta Adbent, lokacin shirin Kirsimeti, don haka ba za a ma yi idin waliyyin ba a shekarar, Lahadin ta rinjaye shi. Sannan ya juya bayan wata ambulan ya rubuta mini abubuwan da zan kawo: sabon katin baftisma daga cocin da aka yi mini ita, shaidar ƙarfafawa (shafewa da mai da ake yi bayan baftisma), shaidar ɗaurin aure a coci, hoto guda huɗu, da yardar matata daga bakinta. Bayan waɗannan sai horo, sai bin wani katikis na wasu watanni. Ya ce, "Malam Faransis, in Allah ya yarda, idin baɗi." Na fito jikina a sanyaye. Shekara guda cur! Mutanen can fa, wa zai kula da su kafin nan? Ya riga ya amsa wannan ma, Baba Katikis zai riƙa leƙa su sau ɗaya a wata, amma zuciyata ba ta so ta ji ba.

Na kwana biyu ina binciken akwatin ƙarfe na mahaifina. Na sami katin a ƙasan wasu tsofaffin rasiɗai, gara ta cinye rabinsa, sai suna na farko da shekarar 1989 kawai ake iya karantawa. A Gusau aka haife ni, lokacin babana yana aiki a masaƙa, tun ba a ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 ba, balle Zamfara a 1996. Abin da ban gane ba shi ne, Gusau tana ƙarƙashin dayosis na Sakkwato, wato yankin da Bishop ɗin can yake jagoranta, mu kuma a Zuru muna ƙarƙashin Kontagora ta jihar Neja, yankin da coci ta keɓe a 1995, ya zama cikakken dayosis a 2020. Rajistar baftisma ba ta bin mutum in ya ƙaura, tana nan a cocin da aka zuba masa ruwa har abada. Ban koma na tambayi sakataren ofishinmu yadda ake yi ba. Na tashi kawai wata Laraba a ƙarshen Nuwamba na shiga mota.

Ba na so wani ya maimaita wannan tafiya. Kuɗin mota ya riga ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, na biya Naira 8,500 zuwa kawai. Direba ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga, kuma sai da motoci uku suka haɗu aka jera. Daga wajen Daki Takwas ba wanda ya ƙara magana a motar. Wata Hajiya kusa da ni tana jan carbinta, ni ma ina jan nawa a cikin aljihu. Matata ta kira ni sau bakwai, a wurare da yawa ba sabis, ta ce har ta fara kuka. Na isa da magariba, na kwana gidan wani abokin babana. Da safe magatakardar cocin ya fito da wani katon littafi mai baƙin bango, takardunsa sun yi ja. Ya ce tsofaffin littattafan da suka fi wannan akwai rubutun Fadojin Dominikan da suka zo daga Amurka suka riƙe aikin yankin tun shekarun 1950. Muka bi Disambar 1989 layi layi, ba mu ga sunana ba. Akwai Faransis har uku, amma ba mai sunan mahaifina. Gabana ya faɗi. Sai da ya tambaye ni sunan mahaifiyata da na uban baftismata muka gano cewa da laƙabin da ake kiran babana da shi a masaƙa aka rubuta ni. Na sa yatsa a kan layin na daɗe ban ɗauke ba. Ga ranar, ga sunan uwata, ga sa hannun wanda ya yi mini baftisma ina ɗan wata biyu. Ya rubuta mini sabon kati, Fadan wurin ya sa hannu, ya ƙara bayani a kan bambancin sunan, na ba da Naira 1,000 na ofis. Da na dawo na kai wa sakatarenmu, ya riƙe baki ya ce, "Har Gusau ka tafi? Ai da ka faɗa mini, wasiƙa za mu rubuta, mu tura hotonta ta WhatsApp, su aiko da katin ta hannun direba." Tafiyar ta cinye mini kusan Naira 22,000 da kwana uku na ɗinkin Kirsimeti. Shaidar ƙarfafawa kuwa ba ta ba ni wahala ba, a farish ɗinmu aka yi mini ita, cikin minti goma aka samo ta.

Sai maganar aure, kuma nan ne na fi daɗewa, nan ne kuma na fi koyon abu. Matata 'yar cocin UMCA ce, wadda ba ta Katolika ba, mahaifinta dattijon ikkilisiya ne. Shekara tara muna zaune lafiya, ita tana zuwa cocinta, ni ina zuwa tawa. Da na kawo mata zancen da dare bayan yara sun yi barci, ta yi shiru, can ta ce, "Baban Rahila, wato duk zaman da muka yi ba aure ba ne? 'Ya'yan nan fa? Kuma za su sake yi mini baftisma ke nan, kamar wadda ba ta san Yesu ba?" Ban iya ba ta amsa ba, domin ni kaina ban sani ba. Kusan sati biyu gidan ba daɗi. Daga baya na roƙe ta ta raka ni wurin Fada ta ji da kunnenta. Ya ba ta kujera, ya ce mata, "Maman Rahila, baftismar da aka yi miki da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, baftisma ce, ba mai sake ta. Ba kuma wanda zai tilasta miki barin cocinki." Ya bayyana mana cewa ni ne, a matsayina na ɗan Katolika, doka ta ɗora wa yin aure a gaban Fada da shaidu biyu, ni ne kuma zan yi alkawarin riƙe bangaskiyata da yin iyakar ƙoƙarina wajen renon yara a cikinta. Ita abin da ake bukata shi ne ta san na yi wannan alkawari. Tun da ba cocinmu ɗaya ba, sai an nemi izinin Bishop. Na ga kafaɗunta sun sauka. A hanyar komawa gida ita ce ta fara magana, ta ce sai mu je mu gaya wa babanta.

Surukina ya karɓe mu a zaure. Na cire takalmi na zauna a ƙasa, na ce, "Baba, na zo ne in nemi izininka karo na biyu." Ya yi tambayoyi masu yawa, wasunsu masu kaifi, a kan Maryamu da waliyyai. Ban yi gardama da shi ba, na faɗi abin da na sani. A ƙarshe ya ce in dai aikin Ubangiji ne zai sa in gyara gidana, shi ba zai tare hanya ba, kuma da kansa ya karɓo mana takardar shaidar baftismarta daga wurin fastonsu. Muka cika fom a Janairu, Fada ya tafi da shi Kontagora lokacin taronsu, izini ya dawo bayan sati biyar. A tsakanin nan muka yi darasin aure na Asabar shida, mu da wasu ma'aurata huɗu, aka kuma yi sanarwa a coci Lahadi uku a jere ko akwai mai magana. Ana gama wannan sai ga azumi ya shigo ranar 14 ga Fabrairu 2024, kuma a farish ɗinmu ba a bikin aure cikin azumi. Muka jira Ista ta wuce ranar 31 ga Maris. Nan ma na ga amfanin wani abu da Fada ya faɗa tun farko: katin baftismar da za a yi aure da shi ana so ya zama sabo, bai wuce wata shida da rubutawa ba, domin a bayansa ake nuna ko mutum ya taɓa aure. Da mun ƙara jinkiri kaɗan, da nawa ya tsufa. Aka ɗaura ranar Asabar 13 ga Afrilu, kwana uku bayan ƙaramar Salla, idanuna duk sun yi ja don kwanakin da na yi ina ɗinkin Salla. Ba mu yi anko ba, ba mu kama wurin taro ba. Zobe biyu Naira 3,000, abin ofis Naira 5,000, shinkafa tukunya biyu. Rahila ce ta riƙe wa uwarta fure. Ranar na karɓi jibi, na koma wurin zamana na rufe fuska da hannu, hawaye na bin yatsuna. Masu cewa sai sun tara kuɗin biki kafin su gyara aure, ni dai na ce musu bikin ba ya cikin abin da coci take nema.

A watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, aka kira mu horo na sati biyu, mu goma sha huɗu daga ƙauyuka daban-daban. Kowa ya zo da tabarma, bokiti, littafin rubutu, mudu biyar na hatsi da Naira 15,000, cocinmu ta biya mini rabi. Ya kamata a gane cewa wannan horo na masu taimako ne. Cikakken katikis yana zuwa makaranta mai tsawo, irin ta Malumfashi a jihar Katsina, akwai kuma hidimar katikis da Paparoma Faransis ya kafa a 2021 wadda Bishop ne ke naɗa mutum a kanta. Namu aiki shi ne jagorantar sujadar Lahadi inda babu Fada, koyar da yara da masu shirin baftisma, addu'ar jana'iza, ziyarar marasa lafiya, da riƙe rajista. An nanata mana abin da ba namu ba: ba ma yin Misa, ba ma jin ikirarin zunubi, ba ma ɗaura aure. Baftisma kuwa sai in mutum yana bakin mutuwa, sannan a rubuta a kai wa Fada rahoto.

A can ne wata Sista, 'yar zuhudu, ta ba mu tarihin mai sunana, kuma sai na ga ashe sunan kawai na sani. An haife shi a 1506 a yankin Nabara, ya yi karatu a Faris, inda ya zauna ɗaki ɗaya da Ignatiyus na Loyola, suka zama cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Jesuwit. Ya bar Lisbon cikin jirgin ruwa a Afrilun 1541, bai taka Gowa ta ƙasar Indiya ba sai Mayun 1542. Wata goma sha uku a hanya, har da watannin da suka yi a Mozambik suna jiran iska ta juya, yana jinyar marasa lafiya. Da ya isa, ƙaramar ƙararrawa yake ɗauka yana zaga unguwa yana kiran yara su zo koyon addu'a. A wurin masunta masu harshen Tamil, sai da ya nemi waɗanda suka juya masa addu'o'in zuwa harshensu ya haddace. Ya shiga Japan a 1549, ya kuma nemi izinin masu mulkin wurin kafin ya yi wa'azi. Ya rasu ranar 3 ga Disamba 1552 yana da shekara 46, a wani tsibiri da ke kallon ƙasar Sin, yana jiran jirgin da zai tsallakar da shi. An sa shi cikin waliyyai a 1622, a 1927 kuma aka naɗa shi majiɓincin aikin mishan tare da Waliyyiya Tereza ta Yaro Yesu, wadda ba ta taɓa fita daga gidan zuhudu zuwa wata ƙasa wa'azi ba. Ni da nake ganin jira ɓata lokaci ne, na ji mutumin da nake alfahari da sunansa ya fara da jira, ya kuma ƙare da jira. Daga ranar na daina ƙirga watanni da fushi.

Daga Yuni zuwa Nuwamba ina bin Baba Katikis duk Lahadi a kan babur ɗina, ni ke zuba mai. Wata rana mu tura babur cikin laka, wata rana mu bar shi a bakin rafi mu naɗe wando. Wata biyu ban buɗe baki ba sai karatu. Ranar da ya ba ni wa'azi na farko na yi minti arba'in, na kawo aya a kan aya. A hanya ya ce, "Ka ga tsohuwar da ke bakin ƙofa? Tun asuba ta taso da ƙafa, ba ta karya ba. Abu ɗaya za ka ba ta ta tafi da shi gida." Shi ne kuma ya koya mini cewa wasu tsofaffin ba sa jin Hausa sosai sai C'lela, harshen Dakarkari, don haka in nemi wanda zai riƙa juya musu.

Matakin da ba ya cikin takardar Fada, amma Baba ya ce ba a tsallake shi, shi ne gaisuwar mai unguwa. Musulmi ne, haka yawancin mutanen unguwar. Maƙwabcin shagona, wani malami da muke raba inuwa ɗaya shekara takwas, ya san shi, shi ya yi mana jagora. Muka tafi da goro na Naira 2,500, da Baba, da magidanta biyu daga cikin 'yan gudun hijirar. Muka zube muka ce, "Ranka ya daɗe," Baba ya gabatar da ni, ni kuma na faɗi abin da zai kawo ni ba tare da kwana-kwana ba: zan riƙa zuwa yi wa Kiristocin nan jagorar addu'a, in koyar da 'ya'yansu, in binne matattunsu, kuma duk wanda ya tambaye ni game da bangaskiyata zan ba shi amsa, amma ba zan zagi addinin kowa ba, ba zan ja ɗan kowa a ɓoye ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce gara da na faɗa a fili. Ya kafa sharuɗɗa: kada a sa lasifika da dare, a gama taro kafin azahar, duk baƙon da zai kwana a sanar da shi saboda halin da ake ciki, in kuma gabatar da kaina ga shugaban 'yan sa-kai don su san babur ɗina. Ya nuna mana wata rumfa a gindin ɗorawa ya ce mu yi amfani da ita kafin Allah ya hore.

Ranar Talata 3 ga Disamba 2024 aka aike mu, mu biyar cikin goma sha huɗun, sauran takardunsu ba su cika ba. Hunturu ya sauko, hazo ya rufe duwatsu, mutane sun zo Misa ta ƙarfe shida da rabi a ƙudundune cikin zannuwa. Duk da ranar aiki ce kuma ana tsakar yankan dawa, coci ta kusa cika. An karanta wurin da Bulus yake gaya wa Korintiyawa cewa kaitonsa in bai yi bishara ba, sai kuma ƙarshen Markus, inda Ubangiji ya ce a tafi ko'ina cikin duniya. Bayan wa'azi aka kira sunayenmu, muka durƙusa. Fada ya tambayi matanmu ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda. Tawa ta miƙe ta ce, "Na yarda, Fada," da ƙarfi har na baya suka ji, surukina kuwa yana zaune a benci na biyu da hularsa a gwiwa. Aka yi mana addu'a, aka ba kowa Littafi Mai Tsarki, ƙaramin gicciye, wasiƙa mai hatimi da sunan wurin da aka tura shi, da sabon littafin rajista. Matan Zumunta suka ɗauki waƙa da tulu da kacau-kacau, aka fito aka sha kunu da ƙosai. Da na lissafa, daga Lahadin Mishan zuwa ranar wata goma sha uku ne da 'yan kwanaki.

Ga mai son bin wannan hanya, ka fara da matarka kafin kowa, domin ita za ta kwana da fargaba duk ranar da ka yi dare a hanya. Ka nemo katin baftismarka tun yau ko ba ka da niyyar komai, in ya ɓace ka bi ta ofishin farish ɗinku, ka ba su shekara, sunan uwa, sunan uban baftisma da duk laƙabin da aka san mahaifinka da shi. In aurenka bai gyaru ba, ka fara tun Satumba ko Oktoba don kada azumi ya tare ka, in kuma matarka ta wata coci ce, ka ƙara wata biyu a lissafinka. Ka ajiye hoton kowace takarda a waya. In ban da tafiyar Gusau, duk abin da na kashe bai kai Naira 60,000 ba, man babur ne ya fi ci. Kada kuma ka sa rai da albashi, abin da jama'a suka kawo na hatsi bayan kaka shi ke nan, don haka kada ka saki sana'arka.

Lahadin da ta biyo baya na tafi ni kaɗai. Wani saurayi ya rataye tsohon ƙarfen tayar mota a reshen ɗorawar, na buga shi da guntun rodi sau uku. Mutum ashirin da shida suka zo, fiye da rabi yara. Bayan sujada muka wuce kabarin tsohuwar nan, wanda aka yi wa alama da fasasshiyar tukunya, na karanta addu'ar da ba a samu yi mata ba, ɗanta yana tsaye kusa da ni. Daga nan muka koma rumfa na buɗe rajista don rubuta yaran da ba a yi wa baftisma ba. Mace ta farko ta matso da jariri a goye. Na tambaye ta sunan yaron da na mahaifinsa, na gaskiya da wanda ake kiransa da shi, na sa ta maimaita sau biyu, na rubuta duka biyun, sannan na karanta mata ta ji.